Oskar Minkowski: Likitan da Fitsarin Kare Ya Nuna wa Tushen Ciwon Suga

Idan kana fama da ciwon suga, ko kana jinyar mai shi, ka san yadda fitsari ke shiga cikin labarin tun daga farko. Mutane da yawa ta nan suka fara gane akwai matsala: tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, wani lokaci har kiyashi su taru inda aka tsuguna. Bayan shekaru kuma, wasu sai al'amarin ya juye musu. Mutum ya wuni bai ji fitsari ba, in ya je sai ya yi ta yunƙuri, ya tashi bai gama ba. Wannan sau da yawa alama ce ta cewa suga ya taɓa jijiyoyin mafitsara.

Har yau masana na neman maganin wannan larura a jikin ɓeraye cikin ɗakunan bincike. Hanyar da suke bi kuwa, wani likita ne ya share ta a shekarar 1889, ranar da ya tsaya ya auna fitsarin da wani kare ya yi a tsakar ɗaki maimakon ya sa a goge. Sunansa Oskar Minkowski. Ga tarihinsa, da abin da ya shafe ka a ciki.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Oskar Minkowski ranar 13 ga Janairu, 1858, a Aleksotas, wani gari da ke daf da birnin Kaunas. A wancan lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Rasha, yau kuwa yana cikin ƙasar Lituweniya. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa ɗan kasuwa. A 1872 iyalin suka yi ƙaura zuwa Königsberg ta ƙasar Jamus, birnin da a yanzu ake kira Kaliningrad.

Gidan ya fitar da masana. Ƙaninsa Hermann ya zama gwanin lissafi, yana cikin malaman da suka koyar da Albert Einstein a Zurich. Shi kuwa Oskar likitanci ya zaɓa, ya kammala digirinsa a jami'ar Königsberg a 1881. A nan ya haɗu da malamin da ya ɗora shi a hanya, Farfesa Bernhard Naunyn, wanda ya shahara a kan cututtukan hanta da ciwon suga. Tsarin Naunyn shi ne likita ya duba marar lafiya a gadon asibiti, sannan ya ɗauki tambayar da ta gagare shi ya kai ta ɗakin gwaji. Minkowski ya riƙe wannan tsari har ƙarshen aikinsa.

Ayyukansa na farko

Ka tuna cewa a wancan zamani babu insulin. Yaro ko matashin da ciwon suga ya kama, yawanci ba ya wuce 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu. Ƙarshen lamarin kusan iri ɗaya ne: numfashi mai zurfi, magagi, dogon suma, sai mutuwa. A 1884, yana ɗan shekara 26, Minkowski ya gano wani sinadari mai tsami a fitsarin irin waɗannan majinyata, ya kuma nuna cewa taruwar tsami a cikin jini ce ke jawo suman. Idan an taɓa tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinka ana neman kiton, to ɗaya daga cikin dangin sinadaran nan ake nema, kuma bayanin haɗarinsu ya samo tushe daga wannan aiki.

Daga nan ya koma kan hanta. Ya riƙa cire hantar dinya, wato manyan agwagin nan, domin tsuntsu na iya rayuwa na wasu sa'o'i ba hanta saboda yadda hanyoyin jininsa suke. Da wannan gwaji ya ƙara wa likitoci fahimtar aikin hanta da yadda shawara ke samuwa. Ya kuma samu wata riba da bai san ranarta ba tukuna: hannunsa ya faɗa a tiyatar dabbobi. A 1887 ya danganta cutar nan da ke sa hannuwa da ƙafafu da haɓar babba su yi ta girma da kumburin wani ɗan ƙullutu da ke gindin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari. A 1888 Naunyn ya koma jami'ar Strasbourg, shi ma ya bi malaminsa. Strasbourg tana hannun Jamus a lokacin, yau tana cikin Faransa.

Gardamar da ta kai ga tiyata

Wata rana a watan Afrilun 1889, Minkowski ya shiga ɗakin karatu na wata tsangaya a jami'ar, ya tarar da wani likita mai suna Joseph von Mering. Von Mering na bincike ne a kan yadda hanji ke narkar da maiƙo. Hira ta kai su ga fankiriyas, wata tsoka mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. Kada ka haɗa ta da saifa, gaɓoɓi ne guda biyu daban.

Tambayar ita ce: shin jiki na iya narkar da maiƙo idan babu ruwan fankiriyas? Von Mering ya bayyana cewa ya sha ɗaure hanyoyin da ruwan ke bi, amma duk da haka sai ya samu wata kafa ya zubo. Minkowski ya ba da shawarar a cire tsokar gaba ɗaya. Ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masana a lokacin shi ne kare ba zai rayu bayan irin wannan aiki ba, von Mering ma haka ya ɗauka. Minkowski, wanda ya saba cire hantar tsuntsaye, ya ga abu ne mai yiwuwa. A ranar von Mering ya ba da kare, su biyun suka yi tiyatar.

Babu ɗayansu da ke tunanin ciwon suga. Masana da dama na zamanin, bisa ayyukan Claude Bernard na Faransa, sun fi zargin hanta da ƙwaƙwalwa. Karen ya farfaɗo, ya rayu. Von Mering kuwa tafiya ta kama shi saboda rashin lafiyar wani nasa, ya bar karen a hannun abokin aikinsa.

Fitsarin da ba a goge ba

Karen horarre ne, ba ya ɓata ɗaki. Bayan tiyatar sai ga shi yana ta fitsari a ƙasa, kuma ba ya ƙoshi da ruwa. Da farko Minkowski ya ɗora laifin a kan ma'aikacin da ke kula da dabbobin, yana ganin sakaci ne ya hana a riƙa fitar da karen. Ma'aikacin ya tabbatar masa cewa yana fitar da shi, amma da zarar sun dawo sai ya sake yi. A nan ne tarbiyyar Naunyn ta yi aiki. Minkowski ya ɗebi fitsarin daga ƙasa ya gwada, ya tarar da suga fiye da kashi 10 cikin 100.

Mai yiwuwa ka taɓa karanta cewa ƙudaje ne suka taru a kan fitsarin suka ja hankalinsa. Labari ne mai daɗin ji, ya kuma yi kama da na kiyashin da muka sani, amma shi Minkowski da kansa ya musanta shi daga baya. Yawan fitsarin ne ya sa shi tsayawa, gwaji kuma ya ba shi amsa.

Bai yi gaggawar shela ba. Ya fara zargin ko von Mering ya taɓa bai wa karen wani sinadari mai suna fulorizin, wanda von Mering ɗin ya riga ya gano cewa yana sa suga zuba cikin fitsari. Don haka ya samo wasu karnuka, ya tabbatar babu suga a fitsarinsu, sannan ya cire musu fankiriyas. Dukkansu suka kamu. Su biyun suka fitar da taƙaitaccen rahoto a 1889, cikakke kuma a 1890.

Saura tambaya guda: rashin ruwan narkar da abinci ne ya jawo ciwon, ko kuwa akwai wani abu daban da tsokar ke yi? A shekarun da suka biyo baya Minkowski ya riƙa dasa ɗan yankin fankiriyas a ƙarƙashin fatar cikin kare, sannan ya cire sauran. Muddin yankin nan na raye, ciwon ba ya bayyana. Da an cire shi sai suga ya hau. Wani masani a Montpellier ta Faransa, Édouard Hédon, ya samu irin wannan sakamako. Ta haka aka gane cewa fankiriyas na sakin wani abu kai tsaye cikin jini wanda ke riƙe da linzamin suga.

Shekara 33 na jira

Sanin inda maganin yake daban, fito da shi daban. Minkowski ya gwada bai wa karnukansa abin da ya tatso daga fankiriyas, bai yi nasara ba. Aiki kuma ya yi ta ɗaukarsa daga gari zuwa gari: Kolon a 1900, Greifswald a 1905, sai Breslau a 1909, birnin da yau yake cikin Folan da sunan Wrocław. A tsakanin nan ya bayyana wata cutar jini ta gado mai haɗe da shawara da kumburin saifa, wadda har yau ake kira da sunansa tare da na Chauffard na Faransa, ya kuma rubuta littafi a kan ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut.

A Breslau ne ya kusa kaiwa ga gaci, abin ya kuɓuce masa. Wani likita a Berlin, Georg Zülzer, ya haɗa wani ruwa daga fankiriyas. A 1909 aka gwada shi a asibitin Minkowski. Ruwan ya rage suga, amma yana jawo zazzaɓi mai zafi da wasu illoli, sai aka dakatar da gwajin don kare majinyata. Daga baya Minkowski ya nuna nadamar cewa ba su tsaya sun binciki musabbabin illolin ba.

Sai a 1921 Frederick Banting da Charles Best, a ɗakin binciken John Macleod da ke Toronto ta Kanada, suka sake ɗaukar aikin. Karnukan da suka yi gwaji a kansu irin na Minkowski ne, waɗanda aka cire wa fankiriyas. James Collip ya tace ruwan har ya zama ana iya yi wa mutum allurarsa. A Janairun 1922 wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya zama na farko da insulin ya ceto. Daga ranar da aka auna fitsarin karen nan zuwa wannan allura, shekara 33 ke nan.

Minkowski ya ga wannan rana da idonsa, kuma shi ya shugabanci kwamitin da ya kula da shigowar insulin Jamus. Sunansa ya kai inda a 1923 yana cikin likitocin da aka gayyata zuwa Mosko don duba Lenin. An sha gabatar da shi don lambar Nobel, bai samu ba. Ya ajiye aiki a 1926, ya rasu a 1931 yana da shekara 73. Ɗansa Rudolph ya zama masanin taurari a Amurka. Tun 1966 ƙungiyar masana ciwon suga ta Turai ke ba da lambar yabo da sunan Minkowski ga matasan masu bincike.

Abin da karensa bai rayu ya nuna ba

Karnukan Minkowski ba su wuce 'yan makonni ba, don haka farkon labarin mafitsara kaɗai suka nuna, wato yawan fitsari. Dalilinsa mai sauƙi ne. Idan suga a jini ya wuce wajen 180 a ma'aunin na'urarka ta gida, ko 10 a ɗaya ma'aunin, ƙoda kan kasa riƙe shi, sai ya zuba cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi.

Ƙarshen labarin sai mai tsawon rai ke ganinsa. Tun 1864 wani likitan Faransa, Marchal de Calvi, ya nuna cewa ciwon suga na lalata jijiyoyi. Amma da insulin ya ba mutane damar rayuwa shekara 20 ko 30 da ciwon, sai wannan illa ta ƙara fitowa fili. A shekarun 1970 wani likitan Denmak, Frimodt-Møller, ya yi cikakken bayanin yadda take kama mafitsara.

Mafitsarar babba na ɗaukar wajen rabin lita. Tun kafin ta cika, wasu siraran jijiyoyi a jikinta ke aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, ka ji fitsari. Wasu jijiyoyin kuma su dawo da umarni ta matse ta zubar. Suga mai yawa na tsawon shekaru yana cin waɗannan jijiyoyi, kamar yadda yake cin na ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Idan saƙon cika ya daina isa, mafitsara ta yi ta buɗewa tana saki har ƙarfin matsewarta ya ragu. Fitsarin da ya kwanta ciki na tara ƙwayoyin cuta, matsinsa kuma na iya komawa sama ya lahanta ƙoda.

Magadansa a ɗakin bincike

Babu yadda za a yi a yanko jijiyar mafitsarar mutum mai rai a riƙa dubawa wata bayan wata. Shi ya sa masana ke bin sawun Minkowski: a samar da ciwon a jikin dabba, a bi shi daki-daki. Yanzu ba sai an yi tiyata ba. Tun shekarun 1960 ana amfani da wani sinadari mai suna sitireftozotosin, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin ɓera.

Daga waɗannan ɓeraye an koyi abubuwa masu amfani. A makonnin farko mafitsara kan yi kauri da ƙarfi saboda yawan aikin da fitsari ya ɗora mata, daga baya sai ta gaji ta saki. Don a raba illar yawan fitsari da illar suga a jini, masana kan shayar da wasu lafiyayyun ɓeraye ruwan sukari su yi ta fitsari ba tare da ciwon ba, sai a kwatanta. Wannan irin taka-tsantsan ne da Minkowski ya yi lokacin da ya zargi fulorizin. An kuma gano cewa wani sinadarin jiki da ke ciyar da jijiyoyi yana raguwa a mafitsarar ɓeraye masu suga. A farkon shekarun 2000 masana a jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka yi amfani da ƙwayar bairos da aka karya lagonta wajen kai wa jijiyoyin umarnin ƙera wannan sinadari, aikin mafitsarar ɓerayen kuma ya inganta. Wasu na gwada ƙwayoyin halitta na asali, wasu magungunan da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki.

Duk waɗannan ba su zama maganin da likita zai rubuta maka ba tukuna. Ka tuna da ruwan Zülzer, wanda ya rage suga amma ya kasa zama magani, ka tuna da shekara 33. Duk wanda ya tallata maka wani haɗi yana cewa an gwada shi a ɓera ya warkar da jijiya, ka tuntuɓi likitanka kafin ka sa shi a baki.

Abin da ke hannunka yau

Babban makami shi ne daidaita suga. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsananta kula da suga ya rage aukuwar lalacewar jijiyoyi da wajen kashi 60 cikin 100 ga masu nau'in ciwon na farko.

Ka gaya wa likita idan ka lura da ɗaya daga cikin waɗannan: ka daɗe ba ka jin fitsari, ko yana fita a hankali sai da yunƙuri, ko ka gama ka ji kamar da saura, ko yana ɗiga ba da saninka ba, ko ciwon mafitsara na yawan dawo maka. Mun san kunya na hana mutane da yawa faɗa, musamman dattawa da mata, wasu har su janye daga jam'i da taron jama'a saboda shakkar tsarkinsu. Likita ya saba jin wannan, kuma gwajin ba shi da wahala. Za a duba fitsarin, sannan a ɗauki hoton mara bayan ka yi fitsari a ga yawan abin da ya rage. Ga maza za a duba furostet, domin kumburinta na kawo irin waɗannan alamu. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, saboda wasu na ciwon jijiya, irin su amitiriftilin, da wasu na mura, suna ƙara riƙe fitsari.

Idan an tabbatar da larurar, yawanci ana farawa da yin fitsari bisa agogo, duk bayan awa 2 zuwa 4, ko ka ji ko ba ka ji ba. In ka gama ka ɗan jira minti ɗaya ko biyu ka sake gwadawa. Kada ka ƙaurace wa ruwa don gudun fitsari. Idan abin da ke raguwa ya yi yawa, ana koya wa majinyaci ko mai jinyarsa sa tsabtatacciyar robar fitsari 'yan lokuta a rana, a zubar a cire. Mutane kan ji tsoronta da farko, amma tana kare ƙoda. Idan kuwa fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kwiɓi, a tafi asibiti nan take.

Ku kuma masu jinya, idan tsohonku mai suga ya fara jiƙa shimfiɗa ko tufafi, kada ku ɗauka ƙazanta ce ko rikicin tsufa. Minkowski ma faɗa ya fara yi, yana neman mai laifi, kafin ya ɗauki fitsarin ya gwada. Ku kai shi a duba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.